Harafi Ɗaya Ya Kai Mutane Gaban Alƙali

Jama'a masu karatu, kun tuna ranar da malamin yaƙi da jahilci ya rubuta "kasa" da "ƙasa" a kan allo? Ƴar lanƙwasa ce kawai ta raba su. Amma ɗaya maciji ce mai dafi, ɗaya kuwa ita muke shuka hatsi a cikinta. To, yau ga labarin wata shari'a da aka yi a Amurka a kan harafi ɗaya tak. Ku karanta, sa'an nan mu yi shawara tare: wa ke da gaskiya?

Sai mu fara da intanet, wadda wasunku ke shiga da salula. Ku ɗauke ta kamar babbar kasuwa. Kowace rumfa tana da suna, kuma da sunan ake zuwa gare ta. Ba a ba mutum biyu suna ɗaya. Wanda ya riga ya biya aka rubuta masa, shi ke da shi.

A shekarar 1995 wasu samari masu fasaha na birnin Zurik, a ƙasar Suwis, suka rubuta sunan rumfarsu: etoy.com. Ba su sayar da kaya irin na kanti. Aikinsu kwaikwayo ne da ba'a. Sukan aske kai ƙwal, su sa riguna iri ɗaya masu launin lemo, su yi kamar su babban kamfani ne, don mutane su yi dariya su kuma lura da halin manyan kamfanoni. Kusan abin da ƴan kama ke yi ke nan a dandali, in sun kwaikwayi malamai. A 1996 har babbar kyautar fasaha suka ci a birnin Linz na ƙasar Otirish.

A 1997 wani kamfani na Kalifoniya ya buɗe rumfarsa yana sayar da kayan wasan yara. Sunanta etoys.com. Ku duba da kyau: harafin "s" ne kaɗai ya ƙaru. Kamfanin ya bunƙasa da sauri, darajarsa ta kai dubban miliyoyin dalar Amurka. Ba dalar nan tamu ta tamma biyar nake nufi ba.

Daga nan rigima ta taso. Mai saye in ya manta "s", sai ya faɗa rumfar samarin Zurik. Wani dattijo ya kai kuka wurin kamfanin, ya ce jikansa ya yi wannan kuskure, ya ci karo da ashar. Kamfanin ya nemi sayen sunan, ya yi tayi har ya wuce dala dubu 500, kuɗi da hannun jari. Samarin suka ce albarka. Sai kamfanin ya kai ƙara a Los Anjeles, ya ce ana ɓata masa lamba. Ran 29 ga watan Nuwamba 1999 alƙali ya hana samarin aiki da sunansu kafin a gama shari'a. In sun ƙi, tarar kowace rana tana iya kai dala dubu 10. Rumfar da ta girmi ta kamfanin da shekara biyu, aka rufe ta.

A nan ne nake so mu tsaya.

Mene ne amfanin lamba? Mai raƙuma yakan sa wa dabbobinsa shaida da wuta don kada a ce na wani ne. Mai sabulu yakan buga lambarsa don matar da ta saba da sabulunsa ta gane shi. In wani ya yi sabulun banza ya manna wannan lamba, ya cuci mutum biyu: ya cuci mai lamba, ya cuci mai saye. Doka ta yi daidai da ta hana haka. A intanet ma akwai macuta. Sukan yi sauri su rubuta sunan wani kamfani, su zauna a kai, sai an biya su kuɗi mai yawa su saki. A wannan shekara ta 1999 aka kafa ƙa'ida dominsu. Kafin a karɓe suna daga hannun mutum, sai an nuna abu uku: sunan ya yi kama da lambar mai ƙara, mai riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya rubuta shi yake aiki da shi.

To, ina mugun nufin samarin Zurik? Yaya za a yi mutum ya saci sunan yaron da ba a haifa ba? Ba su sayar da ƴar tsana ko ɗaya ba. Babu wanda ya ba su kuɗinsa yana tsammanin motar wasa za su aiko masa. A ganina kamfanin ba lambarsa yake tsaro ba. So yake ya mallaki sunansa, ya haɗa da sunayen maƙwabta. Kamar attajiri ne ya gina babban kanti kusa da tsohuwar rumfa, sa'an nan ya ce mai rumfa ya tashi, don baƙinsa suna ɓatan ƙofa.

Amma kada mu raina kukan dattijon nan. Ni ma ba zan so jikana ya ji ashar ba. Samarin ba waliyyai ba ne, kuma mai ba'a yana da nasa nauyi a wuya. Da ni ne maƙwabcinsu, da na roƙe su su rubuta a bakin ƙofa: nan ba kantin yara ba ne. Wannan roƙo ne tsakanin maƙwabta, ana iya yinsa da ladabi. Rufe bakin mutum da ƙarfin kuɗi wani abu ne dabam. In aka yarda da haka, gobe duk wanda ya yi wa babba ba'a, sai a duba sunansa, a nemo harafin da za a kama shi da shi. Babba kuwa yana iya biyan lauya shekara goma. Ƙarami wata biyu ya ishe shi ya talauce, ko da gaskiya tana hannunsa.

Samarin ba su yi shiru ba. Suka shirya wani wasa da suka kira yaƙin kayan wasa, mutane wajen 1800 daga ƙasashe dabam dabam suka shiga. Suna rubuta wasiƙu ga ƴan jarida da masu hannun jari, suna cewa kada a sayi kayan kamfanin. Wasu kuma suka yi ta cunkushe ƙofar rumfarsa ana dab da Kirsimeti, lokacin cinikinsa mafi girma. Wannan na ƙarshe ban yaba ba. Wanda ke kukan an toshe masa ƙofa, bai kamata ya toshe ta wani ba.

A watan Janairu 2000 kamfanin ya janye ƙararsa, ya yarda ya biya har dala dubu 40 na kuɗin lauyoyin samarin. Aka sake buɗe etoy.com. A watan Maris 2001 kamfanin ya karye. Samarin sun yi ta kirari cewa su suka kayar da shi, amma kamfanonin intanet da yawa sun karye a wannan lokaci, har waɗanda ba su taɓa faɗa da kowa ba. Shari'ar kuwa, tun da an janye ta, alƙali bai kai ga yanke hukuncin ƙarshe a kan harafin "s" ba.