Maraya a Hannun Baƙo: Tausayi Kaɗai Ya Wadatar?

Hausawa kan ce ɗa na kowa ne. To amma in mun tsaya mun auna wannan magana, sai mu tambayi kanmu: shin wannan “kowa” ya haɗa har da baƙon da ya keto teku, ya tsaya gaban alƙali yana neman a danƙa masa yaron da ba shi da mai tsaya masa, ya tafi da shi ƙasarsa? Tambayar ba ta da sauƙi, domin kowane ɓangare yana da hujjar da ba a turewa da hannu ɗaya.

Bari mu ɗauki ƙasar Maroko a matsayin misali. A can doka ba ta yarda mutum ya mai da ɗan wani nasa ba. Abin da ta amince da shi shi ne kafala, wato abin da mu muka sani da riƙo. Dokar da aka yi a 2002 ta ce mai riƙon yaron da aka yasar dole ya kasance Musulmi, mai halin kirki da abin hannu. Zai ci da shi, ya tufatar da shi, ya ilmantar da shi, amma ba zai jingina masa nasabarsa ba, kuma ba gado a tsakaninsu. Tushen wannan yana cikin Suratul Ahzabi, inda aka yi umurni da a riƙa kiran ’ya’yan riƙo da sunan iyayensu na asali. Bugu da ƙari, alƙali ne zai ci gaba da sa ido a kan yaron, kuma ba a fita da shi waje sai da izininsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Iyalai da yawa daga Turai, musamman Sifen, sun riƙa zuwa suna karɓar yara ta wannan hanya. A 2012 ministan shari’a na lokacin, Mustafa Ramid, ya aika wa masu gabatar da ƙara takardar umurni cewa su ƙi amincewa da ba da riƙo ga baƙon da ba mazaunin ƙasar ba. Hujjarsa ita ce, da zarar jirgi ya ɗaga, idon alƙali ba ya kaiwa can. Wa zai tabbatar ba a sauya wa yaron suna da addini ba? Masu kula da gidajen marayu kuwa suka ɗaga murya, suka ce yaran da babu mai so a gida, musamman maza da naƙasassu, su ne za su girma a ɗakunan kwana na gidan marayu saboda wannan takarda.

Wa ya fi gaskiya? Mai cewa a buɗe ƙofa yana duban yaron da ke kuka yau, wanda yake buƙatar ƙirjin da zai kwanta a kai, ba ma’aikaciyar da za ta tashi aiki da yamma ba. Mai cewa a rufe yana duban saurayin da zai tashi bayan shekara 20, ya tsaya gaban madubi ya tambaya: ni ɗan wane ne? Dukkansu yaro ɗaya suke magana a kai.

Abin da ya faru a Chadi a 2007 ya isa ya koya mana cewa kyakkyawar niyya ba shaida ba ce. A garin Abeche aka kama ’yan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé suna shirin ɗora yara 103 a jirgi, da sunan marayun yaƙin Darfur ne. Da aka bincika, sai aka tarar yawancinsu ’yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa aka kira su marayu. Ita ma Habasha, wadda ta daɗe tana ba da yara ga baƙi, ta haramta hakan a 2018.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara ta ambaci kafala da sunanta, ta kuma nuna cewa kai yaro wata ƙasa mataki ne da ake dubawa bayan an rasa yadda za a kula da shi a ƙasarsa. A ganinmu, nan ma’aunin yake. Riƙo amana ce, ba kyauta ba. Kyauta in ka bayar ka gama da ita, amma amana tana da mai ita, kuma za a tambaye ka. Don haka abin dubawa ba launin fatar mai nema ba ne, ko kaurin aljihunsa. Abin dubawa shi ne: an nemi dangin yaron an rasa? Za a bar masa sunansa da labarin asalinsa? Akwai hukumar da za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar gidan bayan shekara 5 ta ce a fito da shi a gani? Baƙon da ya cika waɗannan, ba mu da hujjar wulaƙanta shi. Wanda ya kasa, hawayensa ba za su zame wa yaron garkuwa ba.

Sai dai akwai sauran magana, kuma a kanmu take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da muka gaji al’adar da goggo ko kawu ke ɗaukar ɗan mamaci ba tare da an roƙe su ba, yau muna wuce yara suna kwana a tashar mota ba mu waiwaya. Al’ummar da ta ce baƙo ba zai tafi da marayanta ba, ta ɗaukar wa kanta alkawarin buɗe masa gidajenta. In ta rufe ƙofar waje, ta kuma rufe ta ciki, to ba kare shi ta yi ba, kulle shi ta yi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.