Kuɗin ko-ta-kwana

Ƴan uwa ɗalibai, ga tambayar da nake so mu tauna tare: abin da aka tanada don ɓacin rana, ranar kuma ba ta ɓaci ba, shin daidai ne a karɓi kuɗinsa cif kamar na wanda ya yini yana aiki? Daga karatun kwamfuta tambayar ta zo mini, amma ina ganin ta wuce bangon aji.

Kowane banki, da kamfanin waya, da gidan aika kuɗi, yana da rumbun bayanai, wato manhajar da ke riƙe da sunan kowa da abin da ya ajiye ko aka aiko masa. In ɗan ci-rani ya turo wa tsohuwarsa jika goma daga Agadas zuwa Dakusa, layi ɗaya ne aka rubuta a cikin wannan rumbu. In layin ya ɓace, sai dai rantse-rantse a bakin kanta. Shi ya sa masu hankali ba sa dogara da inji ɗaya. Sukan kafa na biyu, kome aka rubuta a na farko sai a kwafa masa nan take, shi kuma yana zaune cikin shirin ko-ta-kwana. Yana iya shekara ba wanda ya tambaye shi kome.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin Oracle na Amurka, wanda manhajarsa ke cikin manyan bankunan duniya, ya sa wa babban samfurinsa dala 47,500 a kan kowane lasisi ɗaya, a farashin da yake bugawa. Sama da sefa miliyan 25 ke nan. Lasisin kuma da ƙarfin inji ake ƙirga shi: inji ƙirar Intel mai ƙwayoyin lissafi 8 yana cin lasisi 4, dala 190,000, ya haura sefa miliyan 100. Bayan haka kowace shekara sai ka ƙara kashi 22 cikin 100 na kuɗin, ladan gyara da sabuntawa. Manyan masu saye kan samu ragi, amma ƙa'idar ɗaya ce: injin nan na biyu mai karɓar kwafi, shi ma sai an biya masa lasisi cikakke, daidai da na farko.

Da farko dai in ba kamfani haƙƙinsa, don hujjarsa ba ta banza ba ce. Maigadin kanti da ya kwana ɓarawo bai zo ba, wa zai ce kada a biya shi? Malaman fiƙihu ma sun yi maganar: in ka ɗauki gida haya aka miƙa maka mabuɗi, kuɗin haya ya hau kanka ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba, domin an ba ka ikon amfani. Kamfani zai ce manhajarsa tana kunne a injin na biyu dare da rana tana karɓar kwafi, kuma barcin da shugaban banki ke yi da minshari ai amfani ne. Masu rubuta manhaja kuma ba iska suke ci ba.

Na yarda da rabin wannan. Inda na tsaya shi ne: maigadi ya sayar maka da darensa, daren da ba zai ƙara samu ba, ya bar iyalinsa, sauro ya cije shi. Mai gida ya hana kansa gidan, ba zai iya ba wani ba. Me kamfani ya hana kansa sa'ad da na kwafi manhajarsa a inji na biyu? Injin nawa ne, ni ke biyan wuta, ni ke sayen gazuwal in kuran ya ɗauke. Kwafin bai rage masa kome ba, kuma mutanen da ake yi wa hidima ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba. Da a ce wani kaso kaɗan ake karɓa saboda aikin kwafin, ba zan ɗaga murya ba. Amma ninki biyu? Wannan kuɗi, a ganina, an auna shi ne da girman tsoron mai saye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rangwamen da aka ce an yi. Oracle ya yarda ka kunna manhajar a injin ajiya ba tare da lasisi ba har kwana 10 a shekara, da sharaɗin injinan biyu suna haɗe a kan ma'ajiya ɗaya. Awa biyu yau, awa uku jibi, an ci kwana biyu ke nan. Ku dubi sharaɗin da kyau. A ƙauyukanmu, me ya sa ake fitar da rumbuna bayan gari, nesa da murhu? Don in gobara ta ci gida kada ta haɗa da hatsi. Kakana bai san kwamfuta ba, amma ba zai taɓa jingina rumbun tsimi da bukkar girki ba. Shi kuwa wannan rangwame, wanda ya tara kome wuri guda shi aka yafe wa. Wanda ya kai kwafinsa wani gari, Maraɗi ko Yamai, shi zai biya cikakke. Mu da muka ga ruwan Satumban 2024 ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ba sai an yi mana bayanin abin da ɗaki ɗaya zai iya fuskanta ba.

Kwana 10 ɗin ma, da ƙasar wa aka auna? Inda ake kawo kayan gyara washegari, ya isa har ya yi saura. Nan kuwa, in wani sashe na inji ya ƙone, daga ƙetare zai taso, ya sauka Yamai, ya bi hanyar kusan kilomita 900 kafin ya iso. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kowa ya ga yadda ɗauke-kawo ke cin na'urori. Doka ɗaya ce a takarda, amma ta fi nauyi a kan wanda ya fi buƙatar tanadi. Kuɗin kuwa ba daga aljihun shugaban banki zai fito ba. Zai bi ta ƴan kuɗin cira da na aike har ya iso hannun tsohuwar nan ta Dakusa. In kuma ma'aikata ta ga ba za ta iya ba ta haƙura da inji na biyu, ranar da na farko ya mutu ita ce dai za ta tsaya a rana.

Microsoft ya ɗan fi sassauci: mai biyan kuɗin kulawarsa na shekara-shekara yana iya ajiye injin jira kyauta, muddin ba a karanta kome daga cikinsa. Wannan kaɗai ya nuna cewa ninki biyun zaɓi ne na ɗan kasuwa, ba tilas ba.

Na san abin da wasunmu za su ce a dandali: a kwafa kawai, wa zai zo Damagaram ya duba? Ni ban bi wannan ba. Wanda ya karanta sharaɗi ya sa hannu, alkawari ya hau kansa, ko da cinikin bai yi masa daɗi ba. Ga shi kuma kamfanin yana da ikon binciken masu amfani da kayansa a cikin yarjejeniyar, kuma yana yi. Wurin gardama kafin sa hannu ne.

Kafin sa hannu kuwa akwai wata ƙofa. PostgreSQL, wadda asalinta aikin jami'ar Berkeley ne tun 1986, ba ta da kuɗin lasisi, kuma tun 2010 tana iya tura kwafi kai tsaye zuwa injin jira, ɗaya ko biyar, a kowane gari. Kada dai mu ruɗi kanmu da kalmar kyauta. Sai an sami wanda ya iya ta, wanda zai gwada komawa kan injin na biyu tun lafiya lau, wanda za a tasa ƙarfe uku na dare ya zo da gudu. Wannan shi ne maigadin na gaske, shi ne ya sayar da darensa, kuma shi ne aka fi yi wa ƙwauron albashi a ofisoshinmu. Kuɗin kulawar shekara ɗaya na injin da na lissafa a sama dala 41,800 ne, sama da sefa miliyan 20. Ku ɗauki biro ku raba shi da albashin injiniya ɗan ƙasa a wata, ku ga mutum nawa zai riƙe.