Motar da Ta Daɗe a Ajiye: Tunani domin Lokacin Azumi



A gidaje da yawa, har da harabar wasu majami'unmu, akan ga tsohuwar mota a gindin bishiya, an ɗora ta bisa duwatsu, ƙura ta rufe ta, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekara ta 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta soma harhaɗa motoci a 1975, har wannan mota ta zama abokiyar tafiyar ma'aikaci da ɗan kasuwa da firist. Ranar da aka ajiye ta, ba wanda ya yi niyyar barinta har abada. Cewa aka yi sai an sami kuɗin gyara, ko kuwa sai bayan damina. Damina ta wuce, wata ta zo, yau ga shi an yi shekara bakwai ko goma ba a murza makullinta ba.

Mai motar yakan ɗauka cewa tun da ba ta tafiya, ba abin da ke lalacewa. Ku tambayi kowane bakanike, zai gaya muku cewa zama wuri ɗaya yana cin mota yadda tafiya ba ta cinta. Fetur ɗin da aka bari a tanki yakan fara lalacewa cikin 'yan watanni, ya zama danƙo ya toshe kafireta. Batir yakan sauka da kansa ko ba a kunna komai ba, in ya daɗe a sauke kuwa ba ya ƙara riƙe caji. Baƙin mai yakan tsiyaye ya koma ƙasan inji, ya bar fistin a bushe, tsatsa ta kama shi. Man birki yana shan laimar iska. Taya takan tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Ɓeraye su gwaguye wayoyi, zanzaro ya gina ɗakinsa a inda iska za ta bi. Duk wannan ɓarna a shiru take aukuwa, ba ƙara, ba hayaƙi.

Haka yake da ran Kirista. Da wuya mutum ya tashi rana ɗaya ya ce ya rabu da Ekklesiya. Lahadi ɗaya ce ta wuce saboda kasuwa, wata saboda gajiya, wata saboda katikis ko wani dattijo ya ɓata masa rai. Daga nan addu'ar safe ta tsaya, carbi ya shiga ƙasan akwati, kunya ta hana shi zuwa furta zunubansa. Yakan ce wa kansa ai shi bai yi wa kowa mugunta ba, yana nan yadda yake. Amma ba ya nan yadda yake. A cikin misalin talanti, a Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta bai saci kuɗin ubangidansa ba, binne shi kawai ya yi a ƙasa ya zauna.

To, ga albishir. Bakanike na gari ba ya ganin ƙura ya ce a sayar wa masu gwangwani. Yakan buɗe gaban motar, ya goge datti ya duba lambar da aka buga a jikin ƙarfenta tun daga masana'anta. Wannan lamba tana nan, ita ce shaidar motar da ta mai ita. Mu ma Ekklesiya tana koya mana cewa Baftisma tana sa wa rai hatimin da ba ya gogewa, shi ya sa ba a yi wa mutum Baftisma sau biyu. Ɗan'uwa, ko shekara ashirin ka yi ba ka taka ƙofar majami'a ba, sunan Mai kai yana jikinka.

Sai dai tayar da irin wannan mota yana da tsari, kuma babban kuskure shi ne a fara da makulli. Wanda ya aro batir ya tilasta wa busasshen inji juyawa yana iya karya zoben fistin ko ya kankare cikin injin, gyaran da zai ci kuɗi kaɗan ya koma na dubbai.

Na farko, akan zubar da abin da ya lalace. A tsiyaye tsohon fetur, a wanke tanki da kafireta, a zubar da tsohon baƙin mai, a sake matatarsa, a wanke lagireto. Ba a zuba sabon mai a kan ruɓaɓɓe, domin tsohon zai ɓata sabon. Wannan shi ne aikin Sakramentin Tuba. Tun Majalisar Lateran ta Huɗu, a shekara ta 1215, Ekklesiya ta umarci 'ya'yanta su furta zunubansu aƙalla sau ɗaya a shekara, su kuma karɓi Jikin Kristi a lokacin Ista, dokokin Ekklesiya na 1983 ma sun riƙe wannan umarni. Kada wanda ya daɗe ya ji tsoro don ya manta yadda ake yi. Ka faɗa wa firist tsawon lokacin da ka yi, zai bi da kai. Abin da ka faɗa a can kuwa, ba shi da ikon faɗa wa kowa, ko da za a ɗauki ransa.

Na biyu, akan juya injin da hannu. Bakanike yakan cire fulogi, ya ɗiga ɗan mai a kowane rami, ya bar shi ya jiƙa, wani lokaci har ya kwana, sa'an nan ya sa sifana ya juya a hankali har ya ji ya saki. Wanda ya komo kada ya ɗora wa kansa alkawarin da ba zai iya cikawa ba, na azumin kwana arba'in ba ci ba sha, ko na kwana a majami'a kowane dare. Ya fara da Addu'ar Ubangiji safe da yamma, da Misa kowace Lahadi. Sannu ba ta hana zuwa. Annabi Ezekiyel, a sura 37, ya ga kwari cike da busassun ƙasusuwa, kuma ku lura da yadda Allah ya yi aikinsa: ƙasusuwa suka fara haɗuwa, jijiyoyi da nama suka biyo, fata ta rufe, sai daga baya numfashi ya shiga.

Na uku, birki kafin gudu. Injin da ya tashi yana faranta rai, amma motar da ke gudu ba ta tsayawa ta fi wadda ke gindin bishiya haɗari. Dole a sake man birki, a duba kowace ƙafa ko ta liƙe, a duba shekarun taya. Tayoyin da aka yi daga shekara ta 2000 suna ɗauke da lambobi huɗu a gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su, kuma masu ƙera taya da yawa suna gargaɗi kada a yi aiki da wadda ta kai shekara 10, kome kyanta a ido. A nan ina magana a fili da masu irin wannan mota a gida: wanda ya ɗebi iyalinsa ko fasinja a kan tsattsagaggiyar taya yana sane, Doka ta Biyar da ta hana kisa ta shafe shi. Birkin rai kuwa shi ne sanin inda za ka tsaya. Idan giya ce ta ajiye ka, ka canza hanyar da kake bi zuwa gida. Idan kayan wani yana hannunka, ka mayar. Idan aurenku bai sami albarkar Ekklesiya ba, ku zo ku biyu mu zauna mu ga abin da za a yi, sau da yawa hanyar ta fi yadda kuke tsammani sauƙi.

Na huɗu ya shafe mu da ba mu bar zuwa majami'a ba. Tsohuwar mota, ko bayan gyara, takan bukaci turi, direba kuwa ba zai zauna a sitiyari ya kuma tura kansa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar farko za ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta mutu sau biyu ko uku kafin ta daidaita, masu turi na gari ba sa watsewa. Idan wanda ya ɓace shekaru ya shigo ya zauna a bencin baya, kada mu juya muna kallonsa, kada a ji ana raɗa cewa yau wace rana. Ku tuna da babban ɗan nan na Luka sura 15, wanda ya tsaya a waje yana fushi ranar da ƙanensa ya komo, har mahaifinsu ya fito yana lallashinsa. 'Yan Zumuntar Mata, matasa, mawaƙa, kowa ya san wani maƙwabci ko ɗan'uwa da ya daina zuwa. Ku ziyarce shi kafin Makon Tsarki, ku gaishe shi ba tare da gori ba, ranar Lahadi kuma ku biya masa ku taho tare.

Abu na ƙarshe, motar da aka tayar ba a komar da ita gindin bishiya. In aka sake barinta, ɓarnar za ta dawo, aikin ya zama na banza. Tafiya ce ke cika batir, ita ce ke zagaya da mai ko'ina cikin inji. Manzo Bulus ya tunatar da Timoti, a wasiƙarsa ta biyu, ya hura baiwar da Allah ya ba shi kamar yadda ake hura wuta. Bangaskiya ma da aiki take rayuwa: ziyarar marasa lafiya, koya wa yara katikisim, ciyar da mayunwaci, yafe wa wanda ya yi maka laifi.

Allah ya ba mu zuciyar komowa, ya ba mu haƙurin jiran masu komowa, ya kai mu Idin Tashin Ubangiji lafiya. Uwargida Maryamu, mafakar masu zunubi, ta yi addu'a dominmu. Amin.