Wa Ya Ci Tseren?

'Yan uwana mata, shekarar da muka taso daga Jega muka je kallon bikin kamun kifi na Argungu, ba kifin ne ya tsaya mini a rai ba, tseren kwale-kwale ne. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, kuma dokar tseren kowa ya san ta: wanda ya riga isa shi ya ci. Amma ni idona yana kan wani saurayi da tsohon jirginsa mai nauyi, yana tuƙi kamar hannunsa zai cire. Ya zo a baya, ko kallonsa ba a yi ba.

Daga baya na karanta yadda masu tseren jiragen ruwa na iska suke yi a Ingila, irin jiragen da ake ɗaura wa babban ƙyalle iska tana tura su. Jiragen ba ɗaya ba ne, don haka kafin mutum ya shiga tsere sai an ba jirginsa lamba. A wani tsarin auna tsawonsa ake yi, da nauyinsa, da faɗin ƙyallen. A tsarin da suke kira Portsmouth kuwa, sakamakon tseren da irin jirgin ya yi a baya ake dubawa, mai nawa ya fi samun babbar lamba. In an gama sai a ninka lokacin kowa da 1000, a raba da lambarsa. Misali, mai lamba 1000 ya iso a minti 60, mai lamba 1200 ya iso a minti 66. In aka buga lissafi na biyun minti 55 ke gare shi. Kin ga wanda ya zo daga baya shi ne ya ci.

To, wannan adalci ne? Da farko na ce a'a, ai ido ya ga wanda ya riga. Amma me ake son a gwada, ƙarfin jirgi ko gwanintar matuƙi? In jirgi ne, to mai kuɗi ya ci tun a gida.

Akwai inda abin yake da matsala, ba zan ɓoye ba. Wani zai iya ɓoye gudun jirginsa don a ba shi lamba mai sauƙi, kamar yadda wata take ƙara wa wahalarta gishiri don a tausaya mata. Shi ya sa ake bayar da lambar kafin tsere, ba bayan mutum ya faɗi ya fara neman hujja ba.

Wata 'yar uwata a Maiyama tana riƙon 'yar ƙaninta tare da 'yarta, ajinsu ɗaya. 'Yar riƙon ce ke ɗebo ruwa da asuba, ta yi wanke-wanke, da yamma ta ɗauki tallar albasar Aliero. Da aka kawo sakamako, 'yar gida ta zo ta uku, ita ta zo ta tara. Aka ɗinka wa ta ukun sabuwar atamfa, ita kuwa aka ce ba ta da kai.

Na ce, "Yaya, in kika sauke mata tallar nan zango ɗaya, ta nawa kike jin za ta zo?"

Ta yi shiru tana tsince shinkafa. Can ta ce, "To wa zai sayar mini da albasar?"