Jikin Mai Bi da Dokokin Abinci

Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki (1 Korintiyawa 6:19). Saboda haka abin da ake zubawa a tukunya, ko a Hardawa ko a Azare, ba ƙaramin al'amari ba ne a gaban Allah.

Hukuma ta daɗe tana sa hannu a wannan sha'ani. Tun shekarar 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin cikin gishiri a Nijeriya domin maganin maƙoƙo. A 2002 aka umarci masana'antu su ƙara bitamin A cikin sukari, fulawa da man girki. Waɗannan matakai sun amfani talaka ba tare da sun nawaita masa ba. A 2022 kuma aka fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, domin rage ciwon sukari da ƙiba.

A nan ne ya kamata a auna da kyau. Manufar harajin tana da kyau, amma Naira 5 a kan kwalbar rabin lita ba za ta hana mai marmari sha ba. In kuwa an tsananta shi, mai ƙaramin ƙarfi ne zai fi jin jiki. Ga shi kuma doka ba ta shiga madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, domin gudun hawan jini. Amma wane jami'i ne zai ƙidaya dunƙulen da uwargida take marmasawa a miya?

Abin da doka ta kasa, kamunkai yana iyawa, shi kuwa 'ya'yan Ruhu ne (Galatiyawa 5:23). Daniyel da abokansa sun zaɓi ganyaye da ruwa a Babila, bayan kwana goma suka fi masu cin abincin sarki kyan gani. Allah ya albarkaci ƙasar Bauchi da gero, dawa, wake, zogale, kuka da daddawa. Ya dace iyaye da zumuntar mata su fara gyara a gida da wajen bukukuwan ikkilisiya, inda akwatunan lemo sukan zama abin fahariya.

Ubangiji ya ba iyalan masu bi hikimar kula da haikalinsa. Amin.