Neuschwanstein: Niyya Ko Sakamako?

A 1869 Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya, a kudancin Jamus, ya fara gina fadar Neuschwanstein a kan dutse don ya keɓe daga mutane. Bashi ya kai masa iya wuya, ministocinsa suka ce ya taɓu, suka tsige shi. A Yunin 1886 aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg. Har yau ɗakin sarautar fadar babu karaga.

Makonni kaɗan bayan mutuwarsa aka fara sayar da tikitin shiga.

Shin amfanin da ya biyo baya yana wanke almubazzaranci? Mai auna aiki da niyya zai ce a'a, tunda Ludwig don kansa ya gina. Mai duba sakamako kuwa zai nuna baƙi fiye da miliyan da ke zuwa duk shekara, suna cika masaukan garin Füssen da ke kusa da fadar.