Kowace Ciyawa da Irin Yankanta

Ɗana, ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Sana'ar haki sana'a ce, kuma ba mai ganin laifin yaron da ya ɗaura wa jakinsa amalanke tun asuba ya nufi daji, alhali tsaransa suna zaman kashe wando a tasha. Kuɗinka halal ne. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne abin da ka bari a bayanka. Na bi ta gefen kwarin da kuka yi aiki kai da abokanka, na tarar kun yi wa wurin aski ƙwal-kwabo, rairayi fari fat, ba komai sai sawun haƙoran manjagara. Ko tsinke ba ku rage wa ƙasar ba.

Na san amsarka, don na sha jin ta a bakin wasu: in ban kwashe ba wani zai kwashe, ko wuta ta cinye. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ka ɗauka ciyawa duk ciyawa ce, a nan kuwa ka kuskure.

Yawancin abin da ke rufe dajin Tarka, karangiya da burburwa da datsi da guɗe-guɗe, har kyasuwar da ke fakewa a gindin itatuwa, 'yan shekara ɗaya ne. Daminarmu ta Damargu gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, wata shekarar ma ba ta cika hakan. A cikin wannan ɗan lokaci suke tsirowa, su fid da kai, su zuba iri, su mutu har saiwa. Ba abin da suke barin wa baɗi sai irin nan da ya zube. Ina yake kwana tsawon wata tara na rani? A ƙarƙashin busasshiyar ciyawar da kake kwashewa. Wata rana cikin bazara ka tsuguna ka ɗaga ta da hannu ka duba. Za ka ji ƙasar wurin ta fi ta fili sanyi, ka ga hanyoyin gara tana jan tsinke tana shigar da shi cikin ƙasa, ka ga 'ya'yan ciyawa birjik sun cakuɗe da kashin awaki. Manjagara ba ta zaɓe. Da hakin da irin duka take tattarowa, ɗan abin da ya tsira kuma iskar hunturu ta yi gaba da shi, tunda ba abin da zai tare shi. In aka yi wa wuri haka shekara bayan shekara, inda rairayi ne sai ya fara tafiya yana binne gonakin mutane, inda ƙasa mai ƙarfi ce ta koma faƙo, ruwa ya sauka ya wuce bai shiga ba. Abin da zai biyo baya tumfafiya ce da garmani, waɗanda dabba ba ta marmarinsu. Daga nan sai a tara mutane da diga suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata, ana wahalar maido abin da da ma Allah ya bayar kyauta.

Karangiya ma da kuke zagi don tana manne muku a wando, ku riƙa sassauta mata. A yunwar 1973 da ta 1984 akwai gidajen da 'ya'yanta suka sussuka suka yi tuwo da su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kana shan wahala a kan mafi ƙarancin daraja. Hakin da ya kai Fabrairu a tsaye, rana ta gasa shi ya yi fari, cika ciki kawai yake yi. Mai albarkar shi ne ingirici, wanda aka yanka da lauje a ƙarshen marka, ciyawa tana fid da kai, ƙayar karangiya ba ta riga ta yi tauri ba. Ka jira raɓa ta ɗauke, ka yanka, ka baza, ka riƙa juyawa kwana biyu ko uku, ka ɗaure tun tana da sauran kore, ka ɗora bisa rumfa inda gara da akuya ba sa kaiwa. Ka buɗe damin cikin bazara ka ji ƙamshinsa. Masu kiwon ragon layya a Damagaram da Agadas sun san bambancin, ba sai ka yi musu dogon ciniki ba. Sai dai da sharaɗi: yanka a wannan lokaci yana nufin irin bai nuna ba. Don haka ba a share fili baki ɗaya. Ka yanki nan, ka tsallake can, ka bar wanda zai nuna ya zuba, baɗi kuma ka sauya wuri.

Gadagi kuwa, wanda masu dawaki ke rububinsa, ku daina tuge shi tun bai yi 'ya'ya ba. Kuma kada ya kwana biyu cikin rana mai zafi, ganyen zai kakkaɓe ka kai wa mutum kara zalla.

Gamba ita ce ta fi damuna. Ita ba ta mutuwa da rani. Tushenta yana nan da rai, abincinta na ajiye a gindi, shi ya sa take riga kowa toho da an yi yayyafin farko. A wajenmu ta yi ƙaranci, sai a iyakokin gonaki da cikin kwari, inda iyayenmu suka bar ta da gangan don zana da kuma tare rairayi. Mai son zana yakan jira kaka, karan ya ƙosa, iri ya zube, sannan ya sa lauje ya bar kamar taƙi guda a sama da ƙasa. Wanda ya shafe ta daidai da ƙasa ya buɗe wa rana idon tohon. Wanda ya sa gatari ko hauya ya tono gindin don damin ya yi nauyi, wannan ya kashe ta ke nan, tushen da ya yi shekaru yana kafuwa. Kuma ka wasa laujenka. Dakusasshen lauje fizga yake yi, yana girgiza saiwa yana tsattsaga kara.

Kada ka ce wannan tsegumin tsofaffi ne. Je ka Yamai ka ga masu kula da filin ƙwallo na Seyni Kunce, ko masu gyaran ciyawar ado a manyan gidaje. Da inji suke yanka, amma ƙa'idar da ake koya wa masu wannan aiki ko'ina a duniya ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda, kuma a ɗaga wuƙar injin sama in zafi ya tsananta. Kiri-kiri, da yake yaɗo take yi tana kafa saiwa a kowace gaɓa, tana jure a sassabe ta ƙasa-ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu. Mai tashi tsaye a dunƙule ba ta jurewa. Su da ke yi don kallo ma sun san wannan, balle mu da abincin dabbobinmu ne.

Sannan ba kai kaɗai ke da ido a kan dajin nan ba. Tun 1961 gwamnati ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo, mu kuwa a bakin wannan iyaka muke zaune. Fulani da Buzaye da suka hau Ingal shan gishiri, in kaka ta yi ta nan suke gangarowa, da lissafin cewa akwai ciyawa kusa da rijiya kaza. Ka duba halin mutumin da ya yi kwanaki yana kora shanu ya iso ya tarar amalanke ta riga shi, sannan a kasuwa a sayar masa da abin da ya zo nema. Rigingimu da yawa daga nan suke tashi. Wanda ya ga bazarar 2010, gawar shanu a kan hanya bayan damina ta gaza, ba ya wasa da wannan magana. A watan Mayu na 2010 aka fid da dokar kiwo, wadda ta hana kwasar haki a masaukin makiyaya da kewayensa, ta hana kwasa don fitarwa ƙasar waje, ta kuma ce mai kwasa don sayarwa sai ya nemi izinin magajin gari. Kana da takardar? Shirun nan naka ya ba ni amsa.

Maganar wuta kuwa, ita ma tana da magani, kuma a nan ne ake son a share ƙasa tas. Kowace shekara bayan damina, 'yan gandun daji da masu ayyukan taimako sukan ɗebi mutane su buɗe layukan tare gobara, faffaɗan fili mai tsawo da wuta ba ta iya tsallakewa. Ana biyan masu aikin, hakin da aka tara kuma ba zubarwa ake yi ba. Jakinka da amalankenka sun dace da wannan. In ka shiga Belbeji ranar kasuwa, ka biya ofishin magajin gari ka tambayi lokacin da za a fara rubuta sunaye, ka nemi takardar izininka a tafiya ɗaya. Ka tafi da laujen ma, maƙeri ya fid da masa baki.